Gurbin da ke Gefen Ragna

Gidan Gajiyayyu na Gunduma,
Wisconsin, Oktoba 1934

Zuwa ga Yaya Alma,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafar taki, yaya Lyman da yara? Mu dai lafiya, mun haƙe dankali, saura masara.

Yaya, gidan nan zai sa mini furfura tun lokaci bai yi ba. Tun da gunduma ta sayi gonar nan bayan yaƙin basasa ta tara gajiyayyunta a ciki, ko doka ɗaya ba a taɓa ba. Maza can, mata nan, ko da miji da mata ne. Mai ƙarfi ya yi noma, marar ƙarfi ya ɓare wake. Wanda ya mutu a kai shi bayan itatuwan tuffa a binne a layi, bi da bi, a kafa masa dutse mai lamba, babu suna.

To, Ragna ta rasu watan jiya, matar Baba Knute mai kula mana da shanu. Gurbin da ke gefenta na duk wanda ya biyo baya ne. Ga kuma tsoho Ferdinand kwance da ciwon ƙirji, likita ya ce da wuya ya ga Kirsimeti. Shi da Knute kuwa ba sa ga maciji, shekara da shekaru suna faɗa a kan kujerar bakin murhu.

Maigidana Emmett ya roƙi 'yan hukumar gunduma su bar wa Knute gurbin. Suka zo, suka cinye mini kaji biyu, suka goge baki, suka ce in aka tsallake wa mutum ɗaya kowa ma zai nema.

Kin san abin da Knute ya tsira? Jinyar Ferdinand! Kirim ɗin madarar da nake tarawa ya ɓace. Jiya na same shi yana fige kazata mai ƙwai. Na ce, "Baba, wa ya ba ka?" Ya ce, "Uwargida, wannan mai warin taba ne zai kwanta kusa da Ragna? Sai dai ya jira ni." Daga ɗakin girki nake jiyo shi: "Buɗe baki, tsohon banza, ba ka isa ka mutu ba!" Ferdinand yana cewa, "Wannan romo ne ko ruwan wanki?" Amma yana shanyewa. Raina a ɓace yake, na kuma rasa wanda zan yi wa faɗa.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Hulda

Maris 1935

Yaya Alma,

Ina fata sanyi ya bar ku lafiya. Na gode da safar.

Knute ya rasu ranar Talata. Na yi magana har na gaji a kan ratsa ƙanƙara da kwanon romo ba riga mai kauri, bai ji ba, sanyi ya shiga ƙirjinsa. Ƙasa ta daskare, sai da Emmett ya hura wuta a wurin yini guda kafin a iya haƙa. An sa shi gefen Ragna.

Da muka dawo na kai wa Ferdinand romo da kaina. Ya ce, "Ya samu wurin?" Na ce ya samu. Ya ture kwanon. "To ɗauke wannan abin, Uwargida. Tun kaka nake haɗiye shi don kada in ci wa mutum wuri. Na gaji."

Na yi lallashi, na yi masifa, ko kallona bai yi ba. Bai sake sa komai a bakinsa ba har ya cika. Jiya muka binne shi, kuma bisa doka sai a gefen Knute. Mutanen da kujera ɗaya ta gagare su!

Kajina sun kusa ƙarewa, Yaya, 'yan hukuma kuma za su zo cin abinci mako mai zuwa. Yau da safe na tarar da kujerar bakin murhu babu kowa a kai, na tsaya ina kuka kamar wata sakarai har madara ta ƙone.

Taki har kullum,
Hulda