Muryar Kaka ba ta shiga ba

Assalamu alaikum Anti, da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a zage ni, abin da ke raina ma ya ishe ni.

Ranar da abin ya faru, ina dawowa daga makaranta na ga takalman Baba a bakin ƙofa da rana tsaka, shi da ba ya barin ofis sai bayan la'asar. Ashe Kaka ne, mahaifinsa, da ke kwance a asibiti a Masar, ya farfaɗo ya ce a haɗa shi da ɗansa ta bidiyo. Baba ya turo min kwamfutarsa ya ce, "Mamana, ke ce ke darasin kwamfuta, ɗaukar min maganar nan duka." Janaretan maƙwabtanmu a nan Garki yana ta ƙara, sai Baba ya toshe kunnuwansa da abin sauraro don ya ji sosai. Na danna ɗauka.

Akwai wani ɗan koren layi da ke tsalle idan sauti yana shiga. Na lura idan Baba ya yi magana layin yana motsi, idan leɓen Kaka ne ke motsi sai ya kwanta shiru. Na gani, Anti, da idona na gani. Amma Baba yana share hawaye da hularsa, ta yaya zan ce masa ya dakata? Haka na bar kwamfutar tana ɗauka har suka gama.

A makon nan Kaka ya rasu. Da na saurari abin da na ɗauka a ɓoye, ba komai sai ƙarar janareta da muryar Baba: "Na'am, Alhaji... amin... zan riƙe su." Tsakani kuma shiru. Na yi ta bincike har na gane sautin ɗaki kawai kwamfutar ta ɗauka, ba wanda ita kanta take fitarwa ba, shi wannan sai an kunna shi tun farko. Yanzu na iya kunnawa, amma me zai amfana min? Na kai wa mai gyara a kasuwa, ya juya ya juya, ya ce, "Ƙanwata, muryar nan ba ta taɓa shiga ba."

Da Baba ya tambaye ni, "Mamana, yana nan ko?" sai na ji bakina ya ce, "Yana nan, Baba." Ya ce shi ba zai iya saurara ba tukuna, amma ranar addu'ar arba'in zai kunna wa ƙannensa, domin Kaka ya kira sunan kowannensu ya yi masa addu'a. Har ya sanar da su. Ranar kuwa ta kusa.

Jiya na tura wa Gwaggo saƙo, ita ce ke gefen gadon Kaka a ranar. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki duba wayarki ko kin ɗauki wani abu, ko yaya yake, kuma kada ki gaya wa Baba na tambaya." Ta buɗe, ba ta amsa ba.

Idan ta ce babu, me zan yi?