Inda Kowa Ke Jan Ƙafa

Zuwa ga Herlinda, matata, sanyin safiyar bakin teku, inuwa ɗaya tilo a hamadar nan tamu, ruwan daɗin da na tarar a tsakiyar gishiri,

Tacho masunci ya kawo mini busasshen kifin da kika aiko. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa, ya ce kin ce ruwa bai yi sanyi ba tukuna, tantinmu kuma yana nan inda na bar shi. Na karɓi kifin, na tura ƙofa, kamar yadda na saba yi wa duk wanda ya zo mini da alheri.

Me zan ce miki? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa yaran garin Loreto tsara magana, ga ni ina neman kalmar ban haƙuri na rasa. Littattafai sun cika mini ɗaki, amma babu wanda ya koya mini yadda namiji ke tsufa a gaban matar da ta san shi da ƙarfinsa. Na raina masu mulki, na raina ɗalibaina da suka yi kuɗi suka daina gaishe ni, na raina duniya ɗungurungum. Ashe wata rana rainin zai rasa abin ci, ya juyo kanki!

Kin tuna shekarar da muka gano gaɓar tekun da kike yanzu? Motarmu ta kafe a rairayi, muka bar ta, muka ɗauki tanti a ka har bakin ruwa. Babu kowa sai mu da tsuntsayen da ke faɗowa kan kifi. Na yi iyo har tsibiri na dawo, na tarar kin gasa abin da muka kama, hayaƙi a gashinki, gishiri a kumatunki, kina sheƙi kamar teku da hantsi. Ni na koya miki jan ƙafa in za a shiga ruwan nan, saboda faffaɗan kifin nan mai dafi a wutsiya da ke kwanciya cikin yashi: in ya ji motsi ya gudu, in aka taka shi ya soka. Kika yi ta dariya, kika ce mun zama tsofaffi biyu masu tafiya coci.

To, tsufan ya zo, kuma bai zo da dariya ba. Tun da ciwon rawar jikin nan ya kama ni, ko a tudu jan ƙafa nake. Makon jiya yatsuna suka kasa ɗaura ƙugiya a zare. Kika karɓa kika ɗaura ba tare da kin dube ni ba, kina jan masunta da hira don kada su lura. Sun lura. Tacho ya ce, "Malam, yau uwargida ce mai jirgin?" Wasa ne, irin wanda ni ma nake yi masa. Amma da kika miƙo hannu mu shiga ruwa tare kamar kowace shekara, sai na ce tsohuwa irinki ta daina wasan ruwa kamar 'yar yaye. A gabansu na faɗa! Na hau motar da ke kai kifi gari, na bar ki tsaye, ruwa a idon sawunki, hannunki a miƙe.

Wane irin mutum ne ke cizon hannun da ke rufa masa asiri? Ba ke na tsana ba, hasken idona. Tsoro na ji kada su ga mai iyo har tsibiri yana takawa kamar ɗan akuyar da aka haifa yau. Na gwammace su ce mugu ne da su ce abin tausayi ne. Kin ga iyakar ilimin mijinki.

Da Tacho ya kawo kifin nan, kafin ƙofar ta rufu ya sa ƙafa ya tare ta, ya ce saƙon bai ƙare ba. "Ta ce a gaya maka, a can kowa jan ƙafa yake."

Na zauna a ƙasa da kifin a cinyata, na daɗe ban tashi ba.

Zan biyo motar kifi ta Juma'a. Kada ki yi saurin yafe mini, ban cancanta ba; ki bar ni in nemi gafara a gaban mutanen da na wulakanta ki a gabansu. Daga nan ki ɗaura mini ƙugiya, ki ɓalle mini maɓallan riga in hannuna ya ƙi, kowa na kallo. Sannan, in har bai gaji ba, ki sake miƙo hannun nan. Ba zan kai tsibiri ba. Iyakata gwiwa, wataƙila ƙugu. Amma zan shiga, a gefenki, muna jan ƙafa tare.

Naki, da hannu mai rawa da zuciyar da ba ta taɓa rawa a kanki ba, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Anselmo