Ba Duk Mai Farar Riga Ne Likitan Ido Ba

Zuwa ga Shugaban masu zuwa duba ido a ƙauyukanmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ni tsoho ne manomi daga Fakku. Ban yi boko ba. Na'ibin masallacinmu ke rubutawa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Na ɗaya. Damina ukku da sunka wuce mutanenku sunka zo Kebbe. Wani mai farar riga ya haska mini ido, ya ba ni tabarau. Na kira shi likita, ya amsa. Sannan ya miƙo takarda, wai in tafi Sakkwato in ga likita. Wane likita kuma? Na ɗauka ya raina ni ne, yana son ya rabu da tsoho. Na ninke takardar na tura cikin hula, na yi rantsuwa ba ni zuwa.

Na biyu. Bana, bayan ƙaramar Salla, idon hagu ya mutu ɗungum. Na hau babur zuwa Tambuwal, na shiga mota har Sakkwato. Can wata likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ashe ku kashi-kashi ne! Akwai mai awon gani da tabarau, akwai nas ta ido, akwai wanda ya gama karatun likita ya ƙara shekaru a kan ido kaɗai, shi ke fiɗa. Ciwona ba yanar ido ba ce, hawan jinin ido ne, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ta ce mai tabarau ya yi daidai da ya tura ni. To, ya yi daidai. Amma mi ya hana shi ce mini iyakar aikinsa ke nan? A garinmu ba a kai karaya wurin wanzami, don kowa ya san maɗori. Ku kuwa riga ɗaya, suna ɗaya.

Na ukku. Na'ibi ya ce taurin kaina ne. Na ji. Amma tun da mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya suna kudu, ba wanda zai warware mini takarda. Yanzu mutum kan wuce ta haguna ban gaishe shi ba, a ce girman kai nika yi. Zauren da kan cika da mutane da hantsi, ni kaɗai ne a ciki da tabaran naku.

Roƙona: in kun zo, kowa ya faɗi da baki, da Hausa, mi ya karanta, ina aikinsa ya tsaya. Kuma ku riƙa zuwa da mai duba hawan jinin ido. Ana ɗiga mini magani a na dama, ina so a riƙa auna shi kusa da gida. Da shi nika gane hanyar masallaci.

Allah ya ja kwananka, ya bar maka naka duka biyu.

Wassalam.

Wani tsoho mai ido ɗaya, Fakku.