Ƙafar Baba a hanyar maƙabarta

Garuwa

Adda Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Yaya sanyin Jos, yaya jikin naki? Mu nan sai godiya.

Ciwon karkarwar Baba ya taɓa ƙafa yanzu. In ya ɗan yi tafiya sai yatsun hagu su nannaɗe, ƙafar ta murɗe ciki, ya kasa takawa. Likitan lopital, wato asibiti, ya ba shi sabuwar ƙwaya daga Yawunde, ya ce ya sha tun kafin ya fita, domin ba ta kamawa nan take. Da haka yake zuwa Juma'a.

Ranar Talata Malam Buba ya rasu, abokin fawar Baba tun suna samari. Labari ya iso an riga an ɗauki makara. Baba ya haɗiye ƙwayar ya bi mutane, ina riƙe da shi. Kafin mu kai rabin hanya ƙafar ta ƙulle. Na zaunar da shi gindin tsamiya ina murza masa yatsun, yana kallon jama'a har suka ɓace. Sai da suka fara dawowa ƙafar ta saki.

Duk da haka ya ƙarasa, ya daɗe a bakin kabarin. A hanyar gida ya ce mini, "Sani, sauran abokaina in sun yi nauyi, ku faɗa mini da wuri in sha magani."

Ki sa shi a addu'a, Adda. Inna tana gaishe ku. Ki gaida Goggo.

Ƙaninki,
Sani