Sheƙar Shaho a Kan Falwaya

Tompkinsville, Amirka, Afrilu 1978

Yaya Balki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Na gode da ta'aziyya.

Tun rasuwar Halimatu, 'yarmu Ladi ta daina magana, ba Hausa ba Turanci. In na taso daga ofis sai in tarar da ita gidan maƙwabciya, ta ƙura wa taga ido.

Ran Lahadi na kai ta bakin teku. Muka ga wani irin shaho mai cin kifi, mace da namiji, suna jido ƙirare suna sheƙa a kan falwaya, motoci na wucewa ƙarƙashinsu. Wani tsoho ya ce maganin ƙwari ya kusa ƙarar da irinsu. Ladi ta ja rigata ta ce, "Baba, look!" Yaya, sai da na juya baya na share ido.

Ƙaninki,
Ishiyaku

Zariya, Yuni 1978

Ishiyaku,

Bayan gaisuwa, Allah ya ji ƙan Halimatu. Na yi murna bakin Ladi ya buɗe. Amma tsuntsu zai yi mata kitso? Shi zai koya mata salla? Yarinya ba uwa, uba yana ofis, sai maƙwabciyar da ba ta jin yarenmu. Alhaji Jibrin na ofishinku zai zo gida hutu. Ka haɗo Ladi da shi. Ba roƙonka nake ba.

Ka huta lafiya.
Balki

Tompkinsville, Satumba 1978

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe shiruna, na so in ƙi ne. Amma rannan na dawo na samu Ladi ta kwana biyu da zazzaɓi, ban ma lura ba. Gaskiyarki.

Ita da Alhaji Jibrin za su taso ran Asabar. Tsuntsayen sun yi ƙaura kudu, sai sanyi ya wuce. Ta sa na yi alkawarin sanar da ita in sun dawo. Ba ta son yaji, ki lallaɓa ta.

Ishiyaku

Zariya, Janairu 1979

Ishiyaku,

Muna lafiya. Ladi ta yi ƙiba, Hausa ta zauna a bakinta, surutu har sai mun ce ta yi shiru. Jiya ma ta kira maigidana Baba. Ka kwantar da hankalinka.

Balki

Tompkinsville, Afrilu 1979

Yaya,

Ina gaishe ku. Ki gaya wa Ladi sun dawo kan falwayarsu. Da na hango su na miƙa hannu gefena in taɓa kafaɗarta.

In ba ta tambaya ba, ki bar ta kawai.

Ishiyaku