Ranar Nuhu

Madawa, Disamba 1967

Yaya Jaratu,

Gaisuwa mai yawa. Ina ɗari, ina mutanen Deule?

"Ɗiyata, ki ce wa Nuhu ya kashe ranarsa in rintsa." Abin da Iya ke ce mini ke nan yanzu da nake rubutu. Ƙwan lantarkin ɗakinta take nufi. Ƙanenki ya haɗa shi da na ƙofar gida a makunni ɗaya, don mai wucewa ya san gidan sakataren kumandan mai mulkin gari ne. In wutar gwamnati ta ɗauke, sai gurup, injin da ya girke bayan tagarta, ya karɓa da ruri. Ta roƙi kaskon wuta saboda sanyi, ya ce hayaƙi zai ɓata masa farin bango. Har Dakar na je karatu, amma a gidan mijina na koyi cewa ana horon mutum da haske.

Ta rage cin abinci. Ɗakinta na Deule take so, da murhun nan naku da ba a bari ya mutu tun kakanni. Ki aiko a ɗauke ta, don Allah.

Allah ya bar zumunci.
Matar ƙanenki, Zalika

Deule

Zalika,

Mun amsa gaisuwa. Malam Arzika ka rubutu, ni ka magana.

Ran da Nuhu ya taho da mota, gaban gari duka ya ce zai fid da uwa tai daga duhu. Iya ta shiga tana dariya. Ba ta ko waiwaye ni ba, ni da nic ci hayaƙi ina hura mata wutar nan tun ina budurwa. To, wuta ta mutu, ni na bar ta. Ɗakin kuma harawa munka zuba ciki. Ta zaɓi rana, ta sha rana.

Ke kuma 'yar lakkwal mai boko, hannunki bai kai ga makunnin ba ne?

Ki gaida wanda ya tambaye ni.
Jaratu

Madawa, Janairu 1968

Yaya Jaratu,

Ina haƙurinmu?

Hannuna ya kai. Na kashe sau ɗaya, washegari Nuhu ya sa kafinta ya yi wa makunnin akwati da kwaɗo.

Iya ta ga takardarki a hannuna, ta ce in karanta mata. Na karanta duka, har harawar. Ba ta ƙara roƙon komai ba. Talata da hantsi ta cika, ta juya fuska bango.

Nuhu ya tada gurup da rana tsaka don masu gaisuwa su sha ruwan sanyi. Kowa na sa masa albarka, ɗan da ya riƙe uwarsa cikin haske. Na ga ya kamata ki san ke da shi kun yi aikin tare.

Akwatina na cikin motar zuwa garin Tawa. Zan ja ƙofar ɗakinta in fita. Ƙwan yana kunne.

Allah ya jiƙanta.
Zalika