Tayoyin Raelene da Kabarin Dinny

Litinin, 1 ga Mayu
Raelene za ta cire wa motar tayoyinta. Motata. To, na ba ta, tun da likitan ido ya sa aka karɓe mini lasin a Kirsimeti, amma ban ba ta don ta mayar da ita keken jarirai ba. 'Yar cikina, kuma ba a bakinta na ji ba, a bakin mijinta Kelvin. Wai tayoyi masu ƙananan haƙora suke so, rabi na kwalta rabi na daji. Rabi! Na ce masa hanyar da nake bi ba ta san rabi ba.

Laraba, 3 ga Mayu
Ta kawo mini naman tunkiya da dankali, na san da magana. "Baba, sun tsufa, gefensu duk ya tsattsage. Ranar ruwan nan na Fabrairu na taka birki a hanyar Mount Isa, motar ta ci gaba da tafiyarta, ga yara a baya." Na ce a sayo sababbi irinsu. Ta ce irinsu ne ba sa kama kwalta in ta jiƙe, ga kuka kamar jirgin sama. "Kai sau ɗaya a shekara kake shiga daji. Ni kullum ina kan titi."

Sau ɗaya a shekara. Haka ta kira shi.

Kaburbura nake zuwa dubawa, a bakin tsohon burtalin da muka riƙa kora shanu. Ba allo, ba suna. Duk bayan damina nakan je in cire ciyawa, in mayar da duwatsun da shanu suka ture. Akwai Ah Loy, mai dafa mana abinci. Akwai jaririyar masu kafa shinge, ita ko suna ba a kai ga sa mata ba. Can ƙarshe, bayan filin baƙar laka, Dinny, wanda ya koya mini zama a kan doki. Da hannuna na haƙa nasa. In damina biyu ta wuce ban je ba, shi ke nan, ƙasa ta shafe su. Duk garin nan namu na Camooweal ba wanda ya san inda suke sai ni, kuma bana ba ni ke riƙe da sitiyari ba.

Asabar, 6 ga Mayu
Shagon taya a Mount Isa. Sun tafi da ni don a ce an yi shawara da ni. Mai shagon, wani mai tumbi da wandon da bai kai gwiwa ba, ya mirgino guda ya ce in taɓa. Na sa babban yatsana a tsakanin haƙoran, bai ko shige ba.

"Ina za ka da ita ne, tsoho, duniyar wata?"
"Inda ubanka bai taɓa zuwa ba."
Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai gefenta da kauri, tsakuwa da gargada da yashi duk za ta ci. Na ce baƙar laka fa? Ya ce in baƙar laka ta jiƙe, ko tayar tarakta na sa sai na kwana a can. Ƙarya. Na sha ratsa ta.

Kelvin ya ce tsofaffin za su yi kyau a shuka tumatir a ciki. Ban yi masa magana ba har gida.

Talata, 9 ga Mayu
Sun sa. Ban fita na duba ba.

Alhamis, 11 ga Mayu
Na duba. Kamar takalmin zuwa coci.

Lahadi, 14 ga Mayu
Gwiwa ta kumbura. Na ce wa Raelene bana ba inda za ni, ba zan je in kafe a daji ana yi mini dariya a mashaya ba. Ta ce, "Asabar za mu, Baba. Ko ka shiga da ƙafarka ko in sa Kelvin ya ɗauke ka kamar buhun dusa." Bakin uwarta sak.

Lahadi, 21 ga Mayu
Jiya muka je, ni da ita. Bari in rubuta yadda aka yi kafin a canja labarin.

Abin da ya fara ba ni haushi shirun tayoyin ne. Har kukan cikina nake ji. Shekarun da nake zuwa da uwarta ba ma magana a mota, ba a jin komai sai rurin taya, ni na ɗauka haka tafiya take. Ba mu yi nisa ba Raelene ta ce wane ne Ah Loy ɗin nan. Na ce mata mutumin da ke gasa burodi a toka ya fi na kanti, kuma yana zagin shanu da yarensu. Ta yi dariya. Daga nan ban san yadda aka yi ba, bakina ya ƙi rufuwa. Doki nawa, kogi nawa, wa ya faɗi, wa ya gudu da matar wa. Dinny da yadda ake zuwa wurinsa. Ina ta zuba kamar rediyo.

A rafin yashi ta tsaya ta rage wa tayoyin iska ba tare da na ce komai ba. Muka haye. Na kalli waje.

Ah Loy lafiya. Jaririyar, tururuwa sun yi gida a gefenta, muka bar su.

Sai filin baƙar laka. Ruwan ƙarshe bai gama bushewa ba. Muna shiga haƙoran suka cike, tayoyin suka zama sumul kamar sabulu, bayan motar ya fara rawa. Ta tsaya, ta ja da baya a hankali har kan tsakuwa. Na ce ta ba ta wuta! Ta ce a'a. Na ce da tsofaffin ne da mun wuce. "Wataƙila," in ji ta. "Mu farfasa wa mai filin kiwon nan hanya, baɗi mu tarar da kwaɗo a ƙofa."

Na sauka na ce da ƙafa zan je. Ban yi nisa ba gwiwar ta ajiye ni a laka. Ta ɗago ni, ta zaunar da ni a inuwar motar da shayi da hula mai ragar kare ƙudaje, ta ɗauki shebur. Na ce ina za ki, ba ki san wurin ba.

"In bi shinge har inda ya karya kwana. In juya wa famfon ruwa mai aiki da iska baya. Bishiyar gidgee mai kai biyu, gabas da ita." Ta gyara hularta. "Tun daga gari kake faɗa, Baba."

Na zauna ina zagin tayoyin, ɗaya bayan ɗaya, har da safaya.

Rana ta karkata kafin ta dawo, laka har gwiwa. Ta ce duwatsun gefen kai sun watse, ta mayar, ta cire ciyawa. Na ce duwatsu sun cika daji, ta yaya zan san nasa ne? Ta sha ruwa tukuna. "Akwai ƙarfen linzami a ƙarƙashin babban dutsen. Ya yi tsatsa. Na mayar da shi yadda na same shi."

Wannan ban faɗa mata ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Litinin, 22 ga Mayu
Tayoyin ba su kai ba. A rubuta. Na faɗa tun farko, ba su kai ba.

Laraba, 24 ga Mayu
Raelene ta biyo ta nan bayan ta sauke yara a makaranta, ko zama ba ta yi ba. Wai akwai wasu ne bayan waɗannan ukun? Na ce akwai, can arewa ta hanyar Burketown, wasu 'yan'uwa biyu da zazzaɓi ya kwashe, rabona da su tun kafin a haife ta. Tafiya ce mai nisa, labarinsu ma da tsawo. Ta ce hutun yara na watan gobe.

Hanyar can tsakuwa ce zalla. Na ce mata ta duba iskar na baya na hagu, kamar ya ɗan yi ƙasa, kuma kada ta bar Kelvin ya taɓa su.